Kafin PS6 Ta Iso Katsina: Waiwaye Kan Ji-ta-ji-tar Na'urorin Gem

Duk wanda ya leƙa shagunan gem na Katsina da yamma, ko a Ƙofar Ƙaura ko wajen Ƙofar Marusa, zai tarar da musu iri biyu. Na farko na Madrid da Barcelona ne, wanda ba ya ƙarewa. Na biyu kuwa kan PS6 ake yin sa, wato PlayStation 6, na'urar gem ɗin da ake jiran kamfanin Sony ya fitar. Wannan ya rantse ya ga hotonta a TikTok, wancan ya ce ba za ta ci faifai ba, wani kuma ya ce 'yan ƙwallon da ke cikinta za su riƙa tunani da kansu kamar mutane. Mai shago na gefe yana ƙirga canji, hankalinsa na kan ɗan man da ya rage a janareta. Abin da yaran ba su sani ba shi ne musun nan ya girme su. Iyayensu sun yi irinsa, kalmar da ake musun a kanta ce kawai ke sauyawa.

A zamaninmu kalmar ita ce "bit". Nintendo ta fitar da Famicom a Japan a 1983, mai bit 8, kuma abin da ya iso hannunmu yawanci jabunta ne, da kaset ruwan ɗorawa da aka rubuta wasanni 9999 a jikinsa, ka duba ka ga Mario ne da harbin agwagwa da wasu 'yan kaɗan ake ta maimaitawa. Da Sega ta kawo Mega Drive a 1988, sai ta rangaɗa "16-BIT" da manyan haruffa a samanta, don ko daga nesa ka san ta ninka waccan. Babu wanda ya san mene ne bit a cikinmu, amma kowa ya san 16 ta fi 8. Kamfanin Atari ya ga haka, ya fito da Jaguar a 1993 yana tallar ta da bit 64. A lissafin yara, ta gama da kowa. A kasuwa kuwa ko rubu'in miliyan ba ta sayar ba, domin babu wasannin kirki a kanta, kuma bayanta Atari ya fice daga kasuwar na'urorin gem na tsawon shekaru.

Abin da ya juya kasuwar da gaske bai zo da lamba mai ban tsoro ba. Faifan CD ne. Labarinsa ma da cin amana ya fara. Sony da Nintendo sun yi yarjejeniya za su haɗa na'ura mai cin faifai, Sony ya sanar da haka a wani baje kolin kayan lantarki a Chicago a 1991, washegari Nintendo ta miƙe ta ce ita da Philips za ta yi. Wani injiniyan Sony mai suna Ken Kutaragi ya nace wa manyansa a ci gaba da aikin ko don huce haushi, aka haifi PlayStation a Disamba 1994. Nintendo ta kafe a kan kaset, ta shafe shekaru tana ɗaga wa mutane rai da aikin da ta sa wa suna Project Reality, har Nintendo 64 ta fito a 1996. Ta sayar da kusan miliyan 33. PlayStation ta haura miliyan 100. Dalilin a fili yake: faifai ya fi kaset arha wajen bugawa, kuma yana ɗaukar abin da ya ninka na kaset mafi girma sau goma. A wajenmu akwai dalili na uku da kamfanin ba zai so a faɗa ba. Faifai ana kwafarsa. Mai gyara ya saka wa na'ura ɗan cif, ka sayi wasa da kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba. Da haka shagon gem ya zama sana'a a garin nan.

PS2 ce ta fi kowace shan ji-ta-ji-ta, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Sony ya raɗa wa ƙwaƙwalwarta suna Emotion Engine, wai har motsin rai za ta iya nunawa a fuskar mutanen cikin wasa. Da ta fito a Maris 2000, hukumomin Japan suka sa mata ido wajen fitar da ita waje, bisa tsoron kada a karkatar da kayan cikinta zuwa aikin soja. Kafin shekarar ta ƙare labari ya bazu cewa Saddam Hussein ya sa an saye su da yawa don sarrafa makamai masu linzami. Ba a taɓa tabbatar da hakan ba, amma wace talla ce ta fi wannan? Har nan an yi ta faɗa a majalisa. Sai dai abin da ya sayar da PS2 a duniya bai da alaƙa da makami: tana kunna faifan DVD, a lokacin da injin DVD shi kansa ke da tsada, don haka uba ya saya wa gida da sunan kallon fim. Abin da ya sayar da ita a Katsina kuwa wasan ƙwallon ƙafa na Winning Eleven ne, da juriyar ƙura da zafi. Ta haura miliyan 150, babu na'urar gida da ta kamo ta, kuma sai farkon 2013 aka daina ƙera ta. Har yau akwai shagunan da ita ce ke ciyar da mai su.

Nasara takan sa girman kai. PS3 ta zo a Nuwamba 2006 da ƙwaƙwalwar Cell, wadda Sony da Toshiba da IBM suka haɗu suka ƙera, da farashin da ya kai dala 599. Ƙarfi kam akwai shi, tunda a 2010 rundunar sojin saman Amurka ta haɗa guda 1,760 wuri guda ta mai da su babbar kwamfuta. Wato abin da aka laƙaba wa Saddam ba tare da hujja ba, Amurkawa ne suka aikata irinsa a gaske. Amma masu rubuta wasanni sun sha wahalar Cell, aka ɗau shekaru kafin su iya da ita. A daidai lokacin Nintendo, wadda kowa ya ce ta tsufa, ta fito da Wii mai rauni, da fad (abin riƙewa a sarrafa wasa) da ake kaɗawa da hannu kamar sanda, ta sayar da sama da miliyan 100. Babu mai hasashen da ya hango haka.

Daga nan sai kowa ya ce fad ya mutu, jiki ne zai zama fad. Microsoft ta kawo Kinect a 2010, kyamarar da ke bin motsin mutum, ta yi kasuwa da farko, a 2017 aka daina yin ta. Ni ban taɓa ganin shagon gem ɗin da aka ba yara fili su yi ta tsalle a gaban talabijin ba. Ina wurin?

Akwai wani hasashe guda da ya kamata mu riƙe, saboda ya shafe mu kai tsaye. A 2013 Microsoft ta sanar cewa sabuwar na'urarta Xbox One sai ta leƙa intanet sau ɗaya a kowane awa 24 kafin ta yarda ka yi wasa, kuma za a taƙaita sayar da faifan hannu. Duniya ta yi ca, cikin 'yan makonni kamfanin ya janye. PS4 ta shigo da rangwamen dala 100 a kanta, ta wuce. Google ya sake gwadawa ta wata hanya da Stadia a 2019: babu na'ura ma gaba ɗaya, wasan yana can a kwamfutocinsu, kai dai ka samu intanet mai ƙarfi. Aka yi ta rubuta cewa zamanin akwati a ƙarƙashin talabijin ya ƙare. A Janairu 2023 aka rufe Stadia. Mutumin Katsina ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. A Satumba 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar 'yan bindiga, aka kwashe watanni a haka. Wanda yake da faifai da janareta ya ci gaba da buga ƙwallonsa. Wanda wasansa ke rataye a intanet kuwa, sai kallon bango.

A 2020 lamba ta dawo da sabon suna, "teraflop", ma'aunin saurin lissafin na'ura. Xbox Series X tana da 12, PS5 tana da 10 da ɗoriya, aka yi ta musu kamar zamanin bit, kuma PS5 ce ta fi sayuwa nesa ba kusa ba. A jikin kwalinta an buga alamar 8K, wato alƙawarin hoto mai tsananin kyau, daga baya Sony ya cire ta a hankali ba tare da surutu ba. Gaskiya dai akwai alƙawarin da ya cika a wannan karon, wato ma'ajiyar SSD, wadda ta kashe dogon jiran da ake yi kafin wasa ya buɗe. Ga mai shagon da ke karɓar kuɗi bisa kowane wasa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu kalmar ita ce ƙirƙirarriyar basira. Abin da take yi a na'urorin da suka riga suka fito bai kai yadda yara ke zuzutawa ba, amma yana da wayo. Na'ura ta zana hoto ƙarami mai sauƙin aiki, sai wani sashe da aka horar ya cike gurabun, ya fito tas kamar an zana shi babba tun farko. Sony yana kiran nasa PSSR, a cikin PS5 Pro da ta fito a Nuwamba 2024. Nintendo Switch 2, wadda ta fito ranar 5 ga Yuni 2025 ta sayar da sama da miliyan uku da rabi cikin kwana huɗu, tana amfani da irin wannan dabarar ta kamfanin Nvidia mai suna DLSS. Sony da AMD, kamfanin da ke ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, suna da aikin haɗin gwiwa mai suna Project Amethyst, kuma a Oktoba 2025 Mark Cerny, wanda ya tsara PS4 da PS5, ya yi bayanin wasu sababbin dabarun sarrafa haske da matse bayanai, ya ce yana fatan ganin su a wata na'ura nan da 'yan shekaru. Bai kira suna ba, bai faɗi farashi ba. Microsoft ma ta ce da AMD take haɗa Xbox mai zuwa. Sauran abin da ke yawo a waya, hoton akwati da ranar fitowa, shaci-faɗi ne. Masu ƙirga shekaru suna cewa bakwai ce tsakanin PS3 da PS4, bakwai tsakanin PS4 da PS5, don haka a jira 2027. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne, in ji maƙwabtanmu Kanawa.

A ganina, abin da ya fi cancantar musu ba a tattauna shi. PS5 Pro a kan dala 700 ta fito a 2024, kuma ba ta zuwa da wurin saka faifai, sai ka saya daban. PS5 kanta, maimakon ta sauko kamar yadda tsofaffin na'urori suka saba, ƙarin dala 50 aka yi mata a Amurka a Agusta 2025. Ɗora wannan a kan naira da ta tashi daga 460 da wani abu a kan dala a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, da man fetur da aka cire wa tallafi a Mayu 2023. Na'urar da ke shigowa garin nan yawanci ta hannu ce, wadda wani ya gama da ita a Turai ko Dubai, ta biyo ta Legas ko Kano. Idan faifai ya tafi, faifan hannu ya tafi, aro tsakanin shago da shago ya tafi, kuma kowane wasa sai an sauke shi da data mai yawan gaske.

Ranar da na zauna a wani shago, wani yaro ya juyo daga kan benci ya ce, "Oga, in PS6 ta fito za ka kawo mana?"

Mai shagon bai ɗago daga fad ɗin da yake kwancewa ba. "Tana cin faifai?"

"Wai ba ta ci."

"Sola za ta ɗauke ta?"

Yaron ya yi shiru. Mai shagon ya hure ƙurar da ke cikin fad ɗin, ya mayar da kusoshinsa, ya miƙa masa ya ce saura minti biyar lokacinsa ya cika.