Baje kolin tsofaffin motoci a bukukuwan tarihi

Baje kolin tsofaffin motoci wani sashe ne na bukukuwan tunawa da tarihin gari, inda 'yan ƙungiyar masu adana motocin da can suke jera su a fili ko a kan titin da aka rufe, jama'a su zagaya su kalla. Bambancinsa da gidan tarihi shi ne yawancin motocin tuƙo su ake yi har filin, masu su kuma suna tsaye a gefe suna amsa tambayoyi.

Wace mota ce tsohuwa

Ma'aunin bai zama ɗaya ba. Ƙungiyar FIVA, wadda aka kafa a 1966 don haɗa kan irin waɗannan ƙungiyoyi a duniya, tana ɗaukar mota a matsayin ta tarihi idan ta kai shekara 30, an riƙe ta bisa kamanninta na asali, kuma ba ita ce motar zirga-zirgar kullum ba. Babbar ƙungiyar Amurka, AACA, wadda ta fara a Filadelfiya a 1935, ta tsaya a shekara 25. A Birtaniya an fi tsanantawa: motocin kafin 1905 rukuninsu daban, kalmar vintage kuma a wurin masana ta 1919 zuwa 1930 ce kawai, ko da yake a bakin jama'a ta zama sunan kowace tsohuwar mota. Jamus tun 1997 take ba motar da ta cika shekara 30 lamba mai harafin H a ƙarshe.

Asali

Ranar 14 ga Nuwamba 1896 masu motoci suka yi jerin gwano daga Landan zuwa Brighton, suna murnar dokar da ta ɗaga iyakar gudu daga mil 4 zuwa mil 14 a awa, ta kuma soke tilascin mutum ya riƙa tafiya a ƙasa gaban mota. An farfaɗo da tafiyar a 1927, har yau kuma ana yin ta a Lahadin farko ta Nuwamba, ba a karɓar mota sai wadda aka ƙera kafin 1905. Daga cikin mahalartanta aka kafa ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta Veteran Car Club a 1930. Ƙananan ƙungiyoyin da ke cika filayen biki a yau a wannan turba suke.

Abin da ake gani a fili

Akan jera motocin bisa shekaru ko bisa kamfani, a ɗaga murfin inji, a jingina kati mai ɗauke da shekarar ƙira da ɗan tarihin motar. Ƙarƙashin kowace akan ajiye faranti, domin tsohon inji ba ya rasa ɗigon mai. Ƙa'idar da kowa ya sani ita ce a kalla da ido, kada a taɓa. Kan bel ko zobe ya isa ya karce fentin da ya ci watanni.

Inda aka fi taruwa shi ne wurin tayar da Ford Model T, wadda aka ƙera fiye da miliyan 15 daga 1908 zuwa 1927. Na farko-farkon ba su da sitata. Mai motar yakan tsaya a gabanta ya kama ƙarfen murzawa, babban yatsansa a gefe ɗaya da sauran yatsu, ya fizgo sama. Idan ya manta bai ja da lokacin da fulogi ke ba da wuta baya ba, injin yakan mayar da ƙarfen da ƙarfin da ke karya hannu. Ciki kuma sai ta rikita direban zamani: abin takawa uku ne, na hagu giya, na tsakiya ribas, na dama birki, totur kuwa ɗan hannu ne a jikin sitiyari. Amma motar da ta fi sa mutane surutu sau da yawa ita ce irin Volkswagen Beetle, wadda aka yi fiye da miliyan 21, domin kusan kowa yana da wani nasa da ya taɓa hawa.

Gyara ko bari

Tsohuwar gardama ce a ƙungiyoyin. Wasu sukan kwance mota ƙusa-ƙusa su mayar da ita fiye da yadda ta fito daga masana'anta. Wasu suna ganin kujerar fata da ta tsage da fentin da ya koɗe su ne tarihin, wanda ya goge su ya goge shaida. Yarjejeniyar Turin kan kula da motocin tarihi, wadda FIVA ta fara aiki da ita a 2013, ta karkata ga adana asali da rubuta duk canjin da aka yi. Ga bikin tarihin gari wannan ra'ayi ya fi dacewa, domin motar da ta yi aiki a garin da tabonta ta fi bayani. A 2024 wata Bugatti Type 59 ta 1934 da ba a sabunta ba ta lashe babbar kyautar gasar baje kolin tsofaffin motoci ta Pebble Beach a Kalifoniya, karo na farko ga irinta.

Wahalhalu

Kayan gyara sukan ƙare a kasuwa, sai a ƙera da hannu, makanikan da suka iya saita kafireto da kunne kuma suna raguwa. Fetur ma ya canza. Mai gauraye da dalma, wanda injinan da yawa suka saba da shi, ya ƙare a gidajen man duniya a 2021 da Aljeriya ta daina sayarwa, na yanzu mai sinadarin itanol kuma yana cin tsohuwar roba yana jawo tsatsa a tanki idan mota ta daɗe a ajiye.