Atlantis: tarihin tsibirin da yadda ya mulki teku

Atlantis daula ce ta almara wadda aka ce ta zauna a wani babban tsibiri cikin Tekun Atlantika, ta yi ƙarfi da jiragen ruwa, ta mallaki ƙasashe, daga bisani teku ta haɗiye ta cikin yini ɗaya da dare ɗaya. Masanin falsafar Girka, Aflatun, shi ya fara kawo labarinta a littattafansa biyu, Timayus da Kiritiyas, wajen shekara ta 360 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ba a samu wani rubutu da ya girme su wanda ya ambaci tsibirin ba, kuma mafi yawan masana tarihin Girka sun tafi a kan cewa Aflatun ne ya ƙirƙire shi. Duk da haka bai yi masa aikin gaggawa ba. Ya auna faɗin mashigin ruwansa, ya ƙirga jiragensa, ya faɗi inda matuƙansu ke fitowa da irin rantsuwar da sarakunansa ke sha.

Yadda labarin ya zo

Aflatun ya sa labarin a bakin wani ɗan birnin Atina na Girka mai suna Kiritiyas, wanda ya ce daga kakansa ya ji, shi kuma kakan ya samo shi daga Solon, shahararren mai tsara dokokin Atina. An ce Solon ya je garin Sayis na ƙasar Masar, inda malaman ɗakin bauta suka gaya masa cewa Girkawa yara ne, ba su san tarihinsu ba, sannan suka ba shi labarin wani yaƙi da aka gwabza shekara 9,000 kafin zamaninsa. A cewarsu tsibirin yana gaba da mashigin da a yau ake kira Jibralta, kuma ya fi Libiya da Asiya girma idan an haɗa su. Libiya a bakin Girkawan lokacin tana nufin arewacin Afirka da suka sani.

Kafuwar daular

Da abubuwan bautar Girkawa suka raba duniya, tsibirin ya faɗo a rabon Fosaidon, wanda suke ɗauka mai iko da teku. Ya auri wata 'yar tsibirin mai suna Kilaito, wadda ke zaune a kan wani tudu, sai ya zagaye tudun da zobba biyar, uku na ruwa, biyu na ƙasa, domin kada kowa ya isa wurinta. Aflatun ya ƙara da cewa a lokacin babu jirgi, ba a san tuƙi ba. Ke nan ruwan Atlantis katanga ne a farkonsa, jikokin Fosaidon ne suka mayar da shi hanya.

Kilaito ta haifi tagwaye maza sau biyar. Uban ya raba tsibirin kashi goma, ya ba babbansu, Atlas, gidan uwarsu da ƙasa mafi albarka, ya ɗora shi a kan 'yan'uwansa. Ɗan tagwaicinsa, Gadairos, ya samu ɓangaren da ke fuskantar yankin Kadis na ƙasar Sifen ta yau. Sarauta ta ci gaba da bin babban ɗa a gidan Atlas, zuriya bayan zuriya. Ƙasar tana da ma'adinai da katako da giwaye masu yawa, da wani ƙarfe mai walƙiyar wuta da ake kira orikalkon, wanda zinariya kaɗai ta fi shi daraja.

Birnin da tashoshinsa

A nan Aflatun ya fi zurfafa bayani, kuma a nan ake ganin irin daular da yake zanawa. Ma'aunin da ya yi amfani da shi, sitadiya, ya kai wajen mita 180. Sarakunan sun haƙa mashigi daga bakin teku har zuwa zoben ruwa na waje: tsawonsa sitadiya 50, wato kusan kilomita tara, faɗinsa ƙafa 300, zurfinsa ƙafa 100, yadda jirgi komai girmansa zai shigo. Sai suka huda zobban ƙasar, suka buɗe hanyoyin da jirgin yaƙi ɗaya zai wuce, suka rufe samansu. Mai tuƙi yakan bar hasken rana ya shiga ƙarƙashin ƙasa, ya ɓullo a zoben ruwa na gaba, jama'a kuwa na tafiyarsu a bisa kansa. Duwatsun gini, farare da baƙaƙe da jajaye, daga gindin tsibirin da zobban aka fasa su, kuma ramukan da fasar ta bari su aka mayar ma'ajiyar jirage, dutsen kansa ya zama rufi.

Kowane zobe da ganuwarsa. Ta waje an lulluɓe ta da tagulla, ta tsakiya da kuza, ta fada da orikalkon. A tsibirin tsakiya, mai faɗin sitadiya biyar, akwai fada da ɗakin bautar Fosaidon, da idanun ruwa biyu, na zafi da na sanyi. Dogaran da aka fi amincewa da su suna kwana kusa da sarki, sauran a zobban waje. Ma'ajiyar jirage cike take da jiragen yaƙi da kayansu a shirye. Babbar tashar kuwa da mashigin ba sa rabuwa da jiragen fatake daga ko'ina, hayaniya da kiraye-kiraye dare da rana. Mai karatun yau zai ji wannan kamar yabo. Aflatun ba yabo yake ba, domin a wani littafinsa, na Dokoki, ya kira teku maƙwabciya mai gishiri da ɗaci, mai cika gari da ciniki da ha'inci.

Inda rundunar ruwa ke fitowa

Bayan birnin akwai fili shimfiɗaɗɗe, sitadiya 3,000 a tsawo, 2,000 a faɗi, duwatsu sun kare shi daga iskar arewa. An zagaye shi da gwalalo mai tsawon sitadiya 10,000, an kuma ratsa shi da magudanai, ɗaya a kowace sitadiya 100. Ta cikinsu ake gangaro da katako daga duwatsu da amfanin gona zuwa birni, da ruwansu kuma ake noman rani, shi ya sa ake girbi sau biyu a shekara.

An yanka filin gunduma 60,000, kowace sitadiya goma a goma, kowace da shugabanta, kuma mutanen duwatsu da ƙauyuka an rarraba su a ƙarƙashin waɗannan shugabanni. Idan yaƙi ya taso, kowane shugaba ya san abin da ke kansa: kashi ɗaya cikin shida na keken yaƙi, don a tara kekuna 10,000, dawaki biyu da mahayansu, wasu dawaki biyu na ja tare da mai kora da dakare mai ƙaramar garkuwa, masu sulke biyu, 'yan baka biyu, masu majajjawa biyu, masu jifa da dutse uku, masu mashi uku, sai matuƙa huɗu, don cika jirage 1,200.

Lissafin ya fita daidai. Huɗu sau 60,000 ya ba da mutum 240,000, idan aka raba su ga jirage 1,200 kowane jirgi ya samu 200. Wannan shi ne ainihin adadin mutanen da jirgin yaƙin Atina mai jeri uku na matuƙa ke ɗauka a zamanin Aflatun, 170 daga cikinsu masu jan filafili. Ba haka kawai aka kawo wannan adadi ba. Marubucin ya ɗauki jirgin da masu karatunsa ke gani kullum a Firayus, tashar jiragen Atina, ya ninka shi har ya zama abin tsoro. Masana sun kuma lura cewa Hirodotas, marubucin tarihin Girka, ya ƙirga jiragen da Sarkin Farisa ya kawo wa Girka yaƙi da su 1,207, adadin da bai yi nisa da na Atlantis ba.

Abin lura a tsarin shi ne rundunar ruwa a kan gona take tsaye. Matuƙi haraji ne da ƙasa ke biya, kamar yadda take biyan doki da baka. Wannan duk lissafin masarautar Atlas ce kaɗai. Sauran tara kowace da nata tsari, wanda Kiritiyas ya ce zai ɗauki lokaci a zayyana, ya wuce.

Sarakuna goma da dokar ginshiƙi

A cikin ƙasarsa kowane sarki wuƙa da nama na hannunsa: ya hukunta wanda ya so, ya kashe wanda ya so. Abin da ke tsakanin su goman kuwa dokar Fosaidon ce ke riƙe da shi, an rubuta ta a ginshiƙin orikalkon a tsakiyar ɗakin bauta. Sukan taru a can bayan shekara biyar, sannan bayan shida, haka bi da bi, su tattauna al'amuran daula, su bincika ko wani ya keta doka, su yanke masa hukunci.

Kafin shari'a akwai rantsuwa. Ana sakin bajimai a harabar ɗakin bauta, a bar sarakunan su kaɗai, ba bawa ba dogari. Da sanduna da igiya suke farauta, ba a yarda da ƙarfe ba. Wanda suka kama sai su kai shi kan ginshiƙin su yanka, jini ya gangaro bisa rubutun. Su haɗa giya a babban kasko, su jefa gudan jini ɗaya domin kowane sarki, su ɗiba da kofunan zinariya, su zuba a wuta, su rantse za su yi hukunci bisa abin da ke rubuce, ba za su ba da umarni ko su bi umarnin da ya saɓa masa ba. Idan dare ya yi, wutar yanka ta mutu, sai su sa shuɗɗan riguna, su zauna a ƙasa kusa da tokar, a kashe duk wata fitila. A cikin wannan duhu ake tuhumar sarki, sarki ya amsa. Gari na wayewa su rubuta hukuncin a allon zinariya, su ajiye shi tare da rigunan.

Manyan dokokin kaɗan ne. Kada ɗayansu ya ɗauki makami a kan ɗan'uwansa. Idan wani ya nemi kifar da gidan sarauta a kowace masarauta, duka su kawo gudummawa. Shawarar yaƙi tare ake yin ta, amma jagoranci na gidan Atlas ne. Kuma babban sarki ba shi da ikon kashe ɗan dangi sai fiye da rabin goman sun yarda. A kan waɗannan ne mulkin tekun ya rataya, kuma raunin a fili yake: doka ta kare sarakuna daga junansu, ba ta kare talaka daga sarki ba, ba ta kuma ce komai game da al'ummun da jiragen ke zuwa ci ba.

Yaƙi da nutsewa

Aflatun ya ce zuriyoyi da yawa sarakunan sun riƙe amana, suna ɗaukar dukiya kamar kaya a ka, ba ta ruɗe su ba. Da jinin ubansu ya tsinke saboda cuɗanya da na mutane, sai kwaɗayi da son iko suka cika su, a daidai lokacin da masu kallo daga waje ke ganin sun kai ƙololuwar ɗaukaka. Sun riga sun mallaki arewacin Afirka har iyakar Masar, da Turai har yankin Tirreniya na Italiya, suka yunƙura su haɗiye sauran ƙasashen Bahar Rum a karo ɗaya. Tsohuwar Atina ce ta tare su, gari na manoma da mayaƙan ƙasa kimanin 20,000, maza da mata, wanda ba a ambata masa tasha ko jirgi ba. Abokan ƙawancenta suka janye, ta tsaya ita kaɗai ta ci nasara. Bayan haka aka yi girgizar ƙasa da ambaliya, ƙasa ta haɗiye mayaƙan Atina, Atlantis ta nutse, ta bar taɓon da ya hana jirage wucewa. Littafin Kiritiyas bai ƙare ba: ya yanke a daidai inda Ziyus, shugaban abubuwan bautar Girkawa, ya tara su zai yi musu magana kan hukuncin tsibirin.

Abin da Aflatun ke nufi

An haifi Aflatun ana tsakiyar yaƙin Atina da Sifata, wani birnin Girka. Tun kafin haihuwarsa, garinsu ya gina jiragen yaƙi da azurfar da ake haƙowa a Lauriyon a shawarar Temistokilis, wani jagoran Atina, ya karya rundunar Farisa a yaƙin ruwa na Salamis a shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya mayar da ƙawayensa masu biyan haraji, sannan ya tura babbar runduna tsibirin Sisili a 415, ta hallaka a 413, garin ya miƙa wuya ga Sifata a 404. Yana saurayi ya ga wannan faɗuwa da idonsa. Masanin Faransa Pierre Vidal-Naquet ya yi bayanin cewa Atlantis ita ce Atinar jirage da tashoshi, an sa ta yaƙi da Atinar da Aflatun ke fata, ta gona da kamewa. Wannan fassara ta fi kowace dacewa da abin da ke rubuce, domin ta bayyana dalilin da ya sa marubucin ya ɓata lokaci yana ƙirga matuƙa. Nutsewar ma tana da misali a zamaninsa: a shekara ta 373 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) girgizar ƙasa da igiyar ruwa suka shafe garin Helike na Girka cikin dare ɗaya.

Masu neman tsibirin

Wannan bai hana mutane nema ba. Littafin Ba'amurke Ignatius Donnelly na 1882 shi ya yaɗa ra'ayin cewa Atlantis gaskiya ce, kuma daga gare ta wayewar duniya ta fito. Wasu sun danganta labarin da aman dutsen tsibirin Tera na Girka da rushewar tsohuwar daular tsibirin Kirit. Binciken ƙasan Tekun Atlantika bai nuna wata nahiya da ta nutse ba.

Neman ya iso har Najeriya. A 1910 Bajamushe Leo Frobenius ya je Ile-Ife, ya ga kawunan mutane da aka ƙera da gwanintar da ta ba shi mamaki, sai ya ce ya gano ragowar Atlantis, ya daidaita Olokun, abin bautar teku na Yarabawa, da Fosaidon. Wannan zalunci ne ga masu aikin, domin tushen ra'ayin shi ne ƙin yarda cewa baƙar fata zai iya irin wannan sana'a. Kawunan da aka tono a Ife a 1938 da binciken da ya biyo baya sun tabbatar da cewa maƙeran garin ne suka yi su, ƙarnuka kafin Turawan mulkin mallaka su taka ƙasar.