Kujerar sanata a Jihar Sakkwato: yadda ake cin ta da yadda take suɓucewa

Shin duk jama'ar jiha ne ke zaɓen sanata ɗaya?

A'a. Kowace jiha tana da sanata uku, Abuja ɗaya, shi ya sa kujerun Majalisar Dattawa suke 109. An raba ƙananan hukumomin Sakkwato 23 gida uku. Yankin Arewa ya ƙunshi Binji, Gudu, Kware, Silame, Tangaza, Wamakko, Sakkwato ta Arewa da Sakkwato ta Kudu. Na Gabas ya ɗauki Gada, Goronyo, Gwadabawa, Illela, Isa, Rabah, Sabon Birni da Wurno. Na Kudu kuwa Bodinga, Dange-Shuni, Kebbe, Shagari, Tambuwal, Tureta da Yabo. A lura da kyau: ƙaramar hukumar Sakkwato ta Kudu a yankin sanatan Arewa take, don haka mutumin cikin birni ba ya zaɓen sanatan Kudu.

Wa doka ta yarda ya tsaya?

Sashe na 65 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce ya kasance ɗan Najeriya, ya kai shekara 35, yana da ilimin sakandare ko makamancinsa, kuma jam'iyya ce ta tsayar da shi. Gyaran 2018 ya rage shekarun ɗan majalisar wakilai zuwa 25, amma bai taɓa na sanata ba. Ma'aikacin gwamnati sai ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe. Wa'adin shekara huɗu ne, ba kuma a iyakance sau nawa mutum zai koma ba. Aliyu Magatakarda Wamakko ya ci a 2015 da 2019 da 2023.

Ana bukatar kashi 25 cikin ɗari kamar na gwamna?

Ba a bukata. Gwamna ne sai ya haɗa rinjaye da kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na ƙananan hukumomi. Sanata ko da ƙuri'a guda ya zarce abokin karawarsa, shi ya ci. Wannan ne ya sa ɗan takara zai iya faɗuwa a ƙananan hukumomi biyar cikin takwas, ya tara tazara mai kauri a uku, ya kuma tafi Abuja. Masu ƙirga yawan ƙananan hukumomi a majalisar shayi da daddare, suna fara murna tun ba a tattara jimilla ba, nan suke yin kuskure.

Me ke faruwa a rumfar zaɓe?

A tsarin da aka bi a 2023, ana buɗe rumfa ƙarfe 8:30 na safe, a rufe layi 2:30 na rana, amma duk wanda ke kan layi a lokacin sai ya jefa tasa. Mai zaɓe zai miƙa katinsa, na'urar BVAS ta tantance shi da yatsa ko da fuska. Idan duka biyu suka ƙi, babu ƙuri'a. Sai a ba shi takardu uku, ta shugaban ƙasa, ta sanata da ta ɗan majalisar wakilai, kowace da akwatinta.

A takardar babu sunan ɗan takara, babu hotonsa, sai tambarin jam'iyya. Ƙuri'a tana lalacewa idan dangwale ya hau kan layin da ya raba jam'iyyu biyu har ba a gane nufin mai shi ba, ko aka dangwala wa biyu, ko aka jefa ta fara fat. Wata ɓarnar daga ninki take zuwa: tawada ba ta bushe ba, mutum ya ninke takardar sama da ƙasa, sai ta shafi gurbin wata jam'iyya. A ɗan jira ta sha iska, sannan a naɗe ta a tsaye.

Bayan an ƙirga a bainar jama'a, shugaban rumfa zai rubuta sakamako a takardar EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a ba kowa kwafinsa, a manna sanarwar sakamakon a bango, a ɗauki hoton EC8A ɗin da BVAS a tura shafin IReV na hukumar INEC. Daga nan sakamako ya wuce mazaɓa, ya wuce ƙaramar hukuma, ya ƙare a cibiyar tattarawa ta yankin sanata, inda baturen zaɓe ke sanar da wanda ya ci.

Me ya sa ake cewa zaɓe bai kammala ba, alhali ga wanda ke gaba?

Mutanen Sakkwato sun ga wannan da idonsu. A zaɓen 25 ga Fabrairu 2023, ba a bayyana sanata ko ɗaya a jihar ba, sai da aka sake fita ranar 15 ga Afrilu. Bayan haka ne aka bayyana Wamakko a Arewa, Ibrahim Lamido a Gabas, dukansu na APC, da Aminu Waziri Tambuwal na PDP a Kudu.

Lissafin ba shi da wuya. Ana soke sakamakon rumfa idan ƙuri'un da aka jefa suka fi yawan mutanen da BVAS ta tantance, wato aringizo, ko aka fasa akwati, ko aka ƙi amfani da na'urar. Sai a haɗa adadin katunan zaɓe da aka karɓa a duk rumfunan da aka soke da waɗanda ba a yi zaɓe ba, a gwada da tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu. A ce na gaba ya ba da ratar 8,000, katunan rumfunan da aka soke kuma 15,000 ne. Tunda waɗancan mutane za su iya juya sakamako, baturen zaɓe ba shi da ikon sanarwa. Da ratar 20,000 ce, da an gama.

Abin takaici, 'yan siyasa sun haddace wannan lissafi. Wanda ya ga alamar faɗuwa yakan tura 'yan bangar siyasa su tarwatsa rumfunan da abokin hamayyarsa ke da ƙarfi, don a rage masa rata. Zagaye na biyu kuma shi ya fi muni wajen sayen ƙuri'a, domin kuɗin da aka watsa a ƙananan hukumomi takwas yanzu kan 'yan rumfuna ƙalilan zai sauka.

Wanda aka kayar, ina zai kai kuka?

Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, cikin kwana 21 daga ranar sanarwa. Ya wuce da kwana ɗaya, ƙara ta mutu. Kotun tana da kwana 180 ta yanke hukunci, ɗaukaka ƙara kuma kwana 60. A shari'ar sanata, Kotun Ɗaukaka Ƙara ce ƙarshe, ba a zuwa Kotun Ƙoli kamar ta gwamna. Rigimar da ta taso kafin zaɓe, irin ta zaɓen fidda gwani, ita ce ke iya kaiwa can, kamar ta Ahmad Lawan da Bashir Machina a Yobe ta Arewa a 2023.

Mafi yawan ƙararraki kan hujja suke faɗuwa. Kotu ba ta karɓar "kowa ya san an yi maguɗi". Rumfa-rumfa take so a nuna mata, da kwafin EC8A da rahoton BVAS, da shaidar wanda ya tsaya a wurin. Jam'iyyar da ta tura wakilin da bai iya karatu ba, ko ta hana shi kuɗin abinci ya bar rumfa tun la'asar, ita ta kayar da kanta.

Idan sanata ya gaza, za a iya yi masa kiranye?

Sashe na 69 ya ba da dama, sai dai hawan yana da tsayi. Sai fiye da rabin masu rajista a yankin, ba waɗanda suka fito zaɓe ba, sun sa hannu a takardar koke. INEC ta tantance sa hannun, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. An gwada a kan Dino Melaye a Kogi ta Yamma a 2018, maganar ta rushe tun a matakin tantancewa.