Jarrabawar Turanci da bizar aiki: ga amsoshin, a karanta da kyau

Da Turanci aka koyar da ni tun firamare. Sai na yi jarrabawa?

A tsarin Express Entry na Kanada, wato hanyar da ƙwararrun ma'aikata ke neman zaman dindindin, dole ne. Ko Baturen Ingila sai ya zauna. Birtaniya ta ɗauke wa wasu ƙasashe kamar Amurka da Jamaika, amma babu ƙasar Afirka a jerin. Digirin da aka koyar da Turanci kan wadatar a can, in Ecctis, hukumar da ke tantance takardun karatu na ƙasashen waje, ta tantance shi.

Wacce zan zauna?

Nan kuɗin mutane ke salwanta, kuma abin na damuna. Kanada na karɓar IELTS General Training, CELPIP General ko PTE Core. Ka kai mata IELTS Academic, ka yi asara. Birtaniya kuwa tana son IELTS for UKVI ko wata daga cikin waɗanda ta amince da su.

Maki nawa?

Ƙwararren ma'aikaci a Kanada: mataki na 7 a ma'aunin harshe na Kanada (CLB 7), wato 6.0 a IELTS a sauraro, karatu, rubutu da magana, kowanne daban. Birtaniya ta ɗaga matakin Turancin da take nema daga B1 zuwa B2, wanda ya fi shi tsauri, tun 8 ga Janairu 2026.

Sakamakona ya kai wata 20. In shiga da shi ko in sake?

Ya danganta. Shekara 2 ne wa'adinsa, kuma Kanada na son ya kasance da rai sau biyu: ranar da ka shigar da bayananka a Express Entry, da ranar da ka miƙa takardar neman zama. In gayyatar neman zama ta zo, kwana 60 gare ka ka miƙa takardar. To, in jimillar makinka na Express Entry ta haura makin da ake ɗauka a 'yan kwanakin nan kuma takardunka sun kammala, wata 4 na iya isarka. In kana bakin gaɓa, ko kana jiran takardar 'yan sanda, ni dai zan ce ka shiga da tsohon, ka kama ranar sabuwar jarrabawa tun yanzu. Kada hankalinka ya tashi, sakewar kan zama alheri: wanda ya samu 8.0 a sauraro da 7.0 a sauran ya kai CLB 9, makinsa ya ƙaru sosai.

Wani ya ce zai samo min sakamako ba tare da na zauna ba.

Don Allah ka rabu da shi! Ana duba lambar takardar a wurin masu jarrabawar. Kanada ta kama ka, ta hana ka shiga shekara 5.