Waiwaye: Yadda Manhajar Taminal Ta Koyi Jira

Idan ka buɗe htop, mai nuna ayyukan da kwamfuta ke yi, a taminal (tagar rubutu zalla da ake ba kwamfuta umarni ta cikinta) ka zuba masa ido, sai ka ɗauka hannu goma gare shi. Alƙaluma na canzawa, ka danna maɓalli ya amsa nan take, ka ja gefen taga ya gyara zamansa. Amma a can ƙasa abu ɗaya yake maimaitawa: ya jira wani abu ya faru, ya karɓe shi, ya gyara abin da yake riƙe da shi a ƙwaƙwalwa, ya sake zana fuskar, sannan ya koma jira. Wannan shi ne zagayen jiran aukuwa, kuma shi ne ƙashin bayan duk wani kayan aikin gina manhajar taminal. Mafi yawan lokacin irin wannan manhaja ma a barci take yinsa. A ganina tarihin zagayen nan kacokan tarihin koyon jira ne, wato yadda za a saurari ƙofa fiye da ɗaya ba tare da an ƙafe a bakin guda ba.

Da farko babu buƙatarsa. Na'urar Teletype Model 33 ta 1963 a kan takarda take bugawa, haruffa goma a daƙiƙa, kuma abin da ya hau takarda ya hau ke nan. Unix, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, ya taso da wannan ɗabi'a. Tsarin ne ke tara abin da ka rubuta, ya kula da gogewa, sai ka danna Enter ya miƙa wa manhaja layin gaba ɗaya. Ita kuwa ta karanta, ta ba da amsa, shi ke nan.

Taminal mai gilashi ce ta sauya lissafi. VT100 ta kamfanin DEC, wadda ta fito a 1978, tana karɓar wasu jerin haruffa na umarni da ke kai manuni, wato alamar wurin rubutu, duk inda ake so a fuska. A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Bill Joy ya rubuta vi, manhajar gyaran rubutu, ya kuma samar da termcap don adana bayanin yaren kowace taminal. Ken Arnold ya ɗora curses, kayan aikin zana fuskar taminal, a kan wannan tushe, wasan Rogue na 1980 kuma ya yaɗa sunan curses. Daga nan manhaja kan ce wa tsarin ya janye hannunsa, ya ba ta kowane maɓalli ɗanye da zarar an taɓa shi, wato yanayin ɗanye. Nan aka haifi zagayen a siffarsa mafi sauƙi: kira getch ya karɓo maɓalli, duba abin da ya zo, kira refresh ya sabunta fuska, koma sama.

Wannan refresh ɗin ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin hikimarsa tana nan har yau. Fuskar VT100 layi 24 ce, kowane layi gurbi 80, jimilla haruffa 1920. Layin waya mai gudun bod 1200 kuwa haruffa kamar 120 yake ɗauka a daƙiƙa. Ke nan sake zana fuska ɗungurungum zai ci daƙiƙa 16. Wa zai jure haka a kowane danna maɓalli? Sai curses ya riƙe hoto biyu a ƙwaƙwalwa, na abin da ke fuskar yanzu da na abin da ake so ya kasance, ya gwada su, ya aika bambancin kawai. Layukan sun yi sauri tuni, amma kayan aikin zamani ba su yar da dabarar ba, saboda ita ke hana fuska ƙyaftawa, musamman ga mai aiki ta SSH, hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa.

Matsalar getch ita ce in ya tsaya jira, komai ya tsaya. Agogon da ke kusurwar fuska ba zai motsa ba sai an taɓa maɓalli, saƙon da ya iso ta hanyar sadarwa kuma sai dai ya yi ta zama a bakin ƙofa. An iya cewa getch kada ya jira ko kaɗan, amma sai zagayen ya yi ta juyi babu hutu yana ƙona ƙarfin na'ura a banza. An iya sa masa wa'adi, ya farka bayan ɗan lokaci ko da babu komai, wanda ya fi dama-dama amma bai kashe ƙishirwa ba. Maganin gaske ya zo da 4.2BSD a 1983, wato select. Manhaja ta miƙa wa tsarin jerin ƙofofinta, ga ta madannai, ga ta sadarwa, ga wa'adi, ta ce a tashe ta idan ɗaya ta motsa. Bayansa poll ya zo, sai kqueue a FreeBSD a 2000 da epoll a Linux a 2002. Waɗannan biyun na ƙarshe don sabobi, wato kwamfutocin da ke amsa buƙatun wasu, masu dubban haɗi aka ƙera su. Manhajar taminal mai ƙofa uku ko huɗu ba ta fi ƙarfin select ba.

Sai dai akwai baƙon da ba ya bi ta ƙofa. Idan aka canza girman taga, tsarin ba ya turo wani harafi, sigina yake aikowa mai suna SIGWINCH, ita kuwa sigina tana iya katse manhaja a ko'ina, ko da tana tsakiyar zana fuska ko rabon ƙwaƙwalwa. Yin aiki mai nauyi a wannan gaɓa neman rikici ne. Dabarar da ake dangantawa da Daniel Bernstein ta warware wannan cikin sauƙi mai ban sha'awa: manhaja ta buɗe bututu tsakaninta da kanta, mai karɓar sigina ya jefa bayit ɗaya tak, wato ɗan guntun bayani kamar harafi guda, a ciki ya fita, ɗaya bakin bututun kuma yana cikin jerin da select ke gadi. Da haka sigina ta zama aukuwa kamar kowace, ta bi layi. A lokacin da zagayen ya iso kanta ne zai tambayi sabon girman tagar ya sake shimfiɗa komai. Linux ya ƙara signalfd a 2007 don wannan aiki, ncurses, magajin curses, kuma yana miƙo canjin girman a matsayin maɓalli na musamman, KEY_RESIZE.

Wurin da tsohon gado ya fi ciwo shi ne maɓallin Escape. Taminal ba ta faɗa wa manhaja cewa an danna kibiyar sama. Bayit uku take aikowa: 27, 91, 65. To amma 27 shi kaɗai shi ne Escape. Saboda haka idan 27 ya iso, zagayen yana cikin tsaka mai wuya. Mutum ne ya danna Escape, ko kuwa kan kibiya ne, sauran na tafe? Babu wata alama a cikin bayanan. Abin da ya rage shi ne a jira kaɗan a gani. A ncurses wa'adin asali, ESCDELAY, daƙiƙa ɗaya ne cur, tmux, mai raba taminal zuwa tagogi, kuma ya daɗe yana jiran rabin daƙiƙa, shi ya sa masu amfani da vim, magajin vi, a cikinsa suka sha kukan cewa Escape na nawa. In an gajarta wa'adin sosai, layi mai jinkiri zai raba bayit ukun, ka danna kibiya ka ga "[A" ya faɗo cikin rubutunka. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin mutane na zargin na'urarsu da laifin da ba nata ba. Sabuwar yarjejeniyar madannai ta taminal ɗin kitty ta ba Escape lambarsa ta daban, kuma wasu taminal sun karɓe ta, amma mai gina kayan aiki dole ya ci gaba da tanadi don waɗanda ba su karɓa ba.

Ta wani ɓangaren, Turbo Vision na Borland, wanda ya zo da Turbo Pascal 6.0 a 1990, ya nuna yadda za a tsara abin da ke biyo bayan jira. Maɓalli da linzami da umarni duk ana naɗe su a ƙunshi iri ɗaya, a miƙa wa tagar da ke gaba, in ba ta ɗauka ba a wuce da shi. Mai rubuta manhaja ya daina riƙe zagayen, zagayen ne ke kiransa.

Kayan yau sun rabu a kan wa ke riƙe da akalar. Textual na harshen Python ya hau kan asyncio, kayan jiran aukuwa da ya shigo harshen a 2014. Urwid yana barin ka zaɓi zagayen da kake so. Bubble Tea na harshen Go ya ari tsarin harshen Elm, inda kowace aukuwa saƙo ce, aiki ɗaya ya karɓe ta ya fito da sabon yanayi, wani aikin ya zana shi. Ratatui na harshen Rust zane kawai yake yi, zagayen kai za ka rubuta da hannunka. Duk da wannan bambanci, sharaɗinsu ɗaya ne: kada aiki mai tsawo ya zauna a cikin zagayen. A tura shi wani zare, wato layin aiki na daban a cikin manhajar, ko wani aiki na gefe, in ya gama ya aiko da sakamako a matsayin aukuwa.

Na koyi wannan da kaina. Na taɓa sa wata ƙaramar manhaja ta ɗauko bayani daga intanet a daidai wurin da take karɓar maɓalli. Ranar da sabar ta ƙi amsawa, fuska ta daskare, Ctrl-C ma, mai tsayar da manhaja, bai yi komai ba, domin a yanayin ɗanye shi ma bayit ne mai lamba 3 da ke kwance yana jiran a karanta shi. Na kashe ta daga wata taga. Da yake ba ta samu damar mayar da taminal yadda ta same ta ba, manuni ya ɓace, abin da nake bugawa ba ya fitowa, sai da na rubuta reset a makance kafin fuskar ta dawo.