Farfaɗo da mitocin tsohon babur: tambayoyi da amsoshi

Mai gyaran tsohon babur yakan gama da inji, ya yi fenti, ya sa sababbin tayoyi, sai ya hau ya tarar allurar mita tana rawa, ko ta kwanta ƙememe ta ƙi tashi. Mitocin nan su ake bari sai ƙarshe, don ba kowa ke da ƙarfin halin buɗe su ba. Ga tambayoyin da masu wannan aiki suka fi yi.

Me ke cikin mitar gudu, kuma yaya take aiki ba tare da batir ba?

Yawancin baburan da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa na 1980 mita mai maganaɗisu gare su. Kebul ne ke kawo mata juyi, daga tayar gaba a baburan Japan, daga tayar baya a da yawa cikin na Ingila, daga akwatin giya kuma a tsofaffin BMW. Cikin kebul ɗin akwai waya mai lanƙwasuwa, bakinta mai kusurwa huɗu, ita ke juya wani ɗan maganaɗisu a gindin mitar. A kan maganaɗisun an kifa ƙaramin kofin alminiyam, amma ba su taɓa juna. Juyin maganaɗisun yana haifar da 'yar wutar lantarki a jikin kofin, ita ke jan sa ya bi juyin, wani siririn sifirin kuma yana riƙe shi baya. Inda ƙarfin biyun ya yi daidai, nan allura ke tsayawa. Wani Bajamushe, Otto Schulze, ya yi rajistar wannan dabara tun 1902.

Baburan Ingila da suka girmi waɗannan, irin su Triumph da BSA da Norton na kafin farkon shekarun 1960, mitar Smiths Chronometric suka zo da ita. Wannan agogo ce sosai, da haƙora da sifirin da komai, tana ƙirga juyin kebul cikin ɗan taƙaitaccen lokaci sannan ta matsar da allura. Shi ya sa allurarta ke tafiya taki-taki, tana ɗan tsayawa. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka ciwo ne, alhali haka aka yi ta. Babbar mitar Vincent Black Shadow na 1948, mai faɗin inci 5 da ke ƙirga har mil 150 a awa, irin wannan ce.

Allurata tana rawa. In buɗe mitar?

Tukuna. Buɗe mita shi ne mataki na ƙarshe, domin sau da yawa laifin yana waje. Fara da kebul. Kwance shi daga gindin mitar, ka ɗaga tayar da ke juya shi, ka juya ta da hannu kana kallon bakin wayar. In ba ta juya ba, ko dai ta tsinke ko haƙoran da ke wajen taya sun cinye. In tana juyawa tana fizga, zaro ta gaba ɗaya, ka shimfiɗa a kan tebur, ka mirgina ta da tafin hannu. Lafiyayyiyar waya mirginawa take sumul. Wadda ta taɓa karyewa a wani wuri za ka ga tana ɗaga kai tana dukan tebur, kuma irin wannan ba ta miƙuwa, sai sabuwa.

Duba kuma hanyar da kebul ya bi. In an matse shi a bayan fitila, ko an lanƙwasa shi lanƙwasa mai tsanani, wayar ciki takan ɗaure ta saki, ta ɗaure ta saki, allura kuwa abin da aka ba ta shi take nunawa. A wanke wayar, a shafa mata giris kaɗan, amma a bar kimanin santimita 15 na can sama ba komai. Juyin waya yana tura giris sama, in ya shiga cikin mita ya manne tsakanin maganaɗisu da kofi, allura za ta riƙa tsalle zuwa ƙarshen fuska. Mitoci da yawa giris ɗin masu kyakkyawar niyya ne ya kashe su.

Sai kebul ya fita daga zargi ake waiwayar ciki. A mitocin Japan da yawa akwai ɗan ƙoƙo a jikin sandar allura mai ɗauke da man silikon mai kauri, aikinsa kwantar da allura. Bayan shekara arba'in ko hamsin yakan tsiyaye ko ya bushe. Kuka mai tsini kuwa, musamman da sanyi, alama ce ramin da sandar maganaɗisu ke juyawa a ciki ya bushe.

To in ya zama dole, yaya ake buɗe ta?

Chronometric da sauƙi, zoben da ya riƙe gilashinta murɗawa ake yi. Sauran kuwa, na kamfanonin Japan Nippon Seiki da Nippon Denso da na Smiths masu maganaɗisu, matse zoben aka yi da inji a masana'anta, ba da nufin wani ya sake buɗewa ba.

Kifa mitar a kan tsumma mai kauri. Ka naɗe zoben da tef, in da hali ka ɗaura masa irin maɗaurin ƙarfe na tiyo don kada ya buɗe ta gefe. Sai ka sa bakin ƙaramin sukudireba ƙarƙashin leɓen zoben ta baya, ka ɗaga kaɗan, abin da ido da ƙyar zai gani, ka matsa gaba kaɗan, ka sake. Zagayen farko kamar ba ka yi komai ba. A na uku ko na huɗu leɓen zai miƙe, zoben ya fita. Mai gaggawa da ya ɗaga wuri guda da yawa zai tsaga ƙarfen, ko ya bar masa tabon da za a riƙa gani ta gaba har abada. Wasu sukan yanke zoben su sayi sabo, kuma ba laifi ba ne in ana samun irinsa.

Kafin ka taɓa komai a ciki, ɗauki hoto. Ka kuma share tebur sarai, domin maganaɗisu yana tsince duk wani ɓurɓushin ƙarfe da ke kusa, ƙwaya ɗaya tsakaninsa da kofi ta isa ta maƙale allura.

Allura fa, cire ta ake kawai?

Nan ne aka fi yin ɓarna. Allurar tana jingine da wani ɗan ƙusa a wajen sifili, kuma sifirin yana ɗan danna ta a kansa. Wannan dannawar tana cikin lissafin mitar. Saboda haka a hankali ka ɗaga bakin allurar ka tsallakar da ita ƙusan, ka bar ta ta tsaya inda ta ga dama, ka sa alama da tef a gefen fuska. Wurin nan za ka mayar da ita. Wajen cirewa, shimfiɗa takarda mai kauri a kan fuskar, ka zura ƙananan cokula biyu ƙarƙashin gindin allurar, ɗaya ta kowane gefe, ka danna su tare ta fito tsaye. Kada a murɗa, sandar siririya ce ƙwarai. Ka kuma rufe da hannu, don in ta fita tsalle take.

Fuskar ta koɗe. Da me ake wanke ta?

Da burushi mai laushi, in ta kama da auduga mai ɗan danshin ruwa. Ban da fetur, ban da tina, ban da barasar goge-goge, rubutun zai bi tsumma. Ana sayar da sababbin fuskoki na mannawa don shahararrun babura irin Honda CB750, kuma in rana ta cinye lambobi ko jan layin mitar juyin inji ya zama fari, suna da amfani. Amma a ganina fuskar da ta ɗan dusashe kawai, a bar ta. Sabuwa fil a kan babur mai shekara hamsin takan fita daban, kuma ta asali in an kankare ta ba ta dawowa.

Hattara guda: wasu agogo da mitoci na kafin shekarun 1960, musamman na kayan soja, an shafa musu fenti mai haske da dare wanda ke ɗauke da sinadarin radiyam. Ko ya daina haske, gubarsa tana nan. Irin wannan ba a kankare shi a gida.

Gilashi ana wanke shi ciki da waje. In na roba ne ya yi hazo, samfefa mai laushi sosai da ruwa, sannan man gogewa. Robar da ke tsakanin gilashi da zobe a sake ta, ita ke hana raɓa shiga.

Wane mai ake sa wa cikinta?

Man agogo, ɗigo ɗaya a bakin allurar ɗinki, a ramin sanda kaɗai. Haƙoran da ke juya lambobin tafiya a wanke musu tsohon giris da ya daskare, a shafa sabo kaɗan. Sifirin da kofi ba sa son mai ko kaɗan.

In mayar da lambobin tafiya sifili, tun da na sabunta komai?

A'a. Lambar nan tarihin babur ce, kuma a ƙasashe da yawa rage ta don a ruɗi mai saye laifi ne a doka. In an sake mita ɗungum, a rubuta ranar da lambar da tsohuwar ta tsaya, a ajiye tare da takardun babur. A tuna kuma yawancinsu gurbi biyar gare su, daga 99,999 sai su koma sifili da kansu, don haka ƙaramar lamba a tsohon babur ba hujja ba ce.

Mitar wani babur za ta yi a nawa in ta shiga gurbin?

Shiga gurbi daban, faɗin gaskiya daban. Kowace mita an daidaita ta da yawan juyin kebul. Baburan Japan da yawa suna nuna kilomita 60 a awa in kebul na juyi 1,400 a minti, masu ƙirga mil kuma juyi 2,240 ne mil 60. Smiths sukan buga lambar a ƙasan fuska da ƙananan haruffa, misali 1000 ko 1600, ma'ana juyin kebul a mil guda. Mitar juyin inji ita ma haka, akwai 4:1 da 5:1 da 7:1, in aka haɗa ba daidai ba sai ta nuna inji ya kai jan layi alhali bai kai ba, ko kuma akasin haka, wanda ya fi muni. In ka ga babur mai ƙarfi da mitar da lambobin fuskarta suka ƙare a mil 85 a awa, ba canza ta aka yi ba. Dokar Amurka ce ta tilasta haka daga 1979 zuwa farkon shekarun 1980.

In sa ƙwayayen LED a madadin tsofaffin ƙwan fitila?

Don haska fuska, babu laifi, sai dai a duba ko babur mai bolt 6 ne ko 12. A kuma lura LED ta hanya ɗaya kaɗai wuta ke bi ta cikinta, kuma baburan Ingila da yawa masu wayoyin Lucas ɓangaren tarawa (+) na batir suka haɗa da jikin babur, saɓanin abin da aka saba. Wurare biyu ne ke ba da wahala. Fitilar caji a BMW masu sanyaya inji da iska, daga 1969 zuwa gaba, ta cikinta wutar farko ke bi ta tayar da na'urar caji, in aka sa LED ko ƙwan ya mutu caji yakan ƙi farawa. Sai fitilar sigina guda ɗaya da ke aiki wa hagu da dama: in aka mayar da siginonin LED, wuta takan tsallaka ta cikinta, duka huɗun su riƙa ƙiftawa tare, sai an sa diyod biyu, 'yan na'urorin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kaɗai.

Fitilar da ta ƙi kamawa kuwa, kafin a zargi ƙwai a kankare tsatsar gidansa, a duba wayar da ta haɗa shi da jikin babur.

Yaya zan san ta gyaru kafin in rufe?

Kama guntun tsohuwar wayar kebul a bakin injin huda, ka zura a gindin mitar. Yawanci juyin baya ake sa injin, amma fara a hankali ka tabbatar. Allura ta tashi sumul, ta tsaya cak, ta sauka ba maƙalewa, lambobi kuma su motsa. Kada a matse zobe sai an ga haka, don ba ya jure buɗewa sau biyu. Matsewar da ɗan katako ake yi, zagaye bayan zagaye, yadda aka buɗe.

A kan hanya sai a gwada da GPS na wayar hannu. In ta ɗan zarce ainihin gudu, haka akasarinsu suke fitowa. In tana nuna ƙasa sosai, maganaɗisu ne ya yi rauni, in sama sosai sifirin ya saki, amma a fara tabbatar girman taya na asali ne. Ƙara wa maganaɗisu ƙarfi, canza sifirin, da duk abin da ya shafi cikin Chronometric, aikin mai gyaran mita ne da ke da injin gwaji.