Tsohon kanti a bakin kasuwa: me doka ta ce kafin a rushe shi?

A garuruwan da ke kewaye da Sakkwato, irin su Kware, Bodinga, Dange da Wamakko, ana iske tsofaffin kantuna da rumfunan ƙasa tun na zamanin cinikin fatun jar akuya da auduga. Mutane da yawa sun ɗauka tsufan gini kaɗai ya isa ya hana a taɓa shi. A doka ba haka abin yake ba.

Dokar da ke magana a kan wannan ita ce ta Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Cikakkiyar kariyarta tana hawa ne kan abin da aka ayyana a matsayin wurin tarihi na ƙasa, kamar kufan Surame, tsohon birnin Kanta Sarkin Kabi, da aka ayyana tun 1964. Ayyanawar kuma tana da matakai. Hukumar za ta buga sanarwa a Gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, ta aika wa mai ginin kwafi, ta ba shi wa'adi ya kawo ƙorafi in yana da shi, sannan ta miƙa maganar ga Shugaban Ƙasa, wanda shi ne mai sa hannu.

Daga ranar da sanarwar ta fito, mai ginin ba shi da ikon rushe shi, ko sauya masa fasali, ko miƙa shi ga wani, sai da rubutaccen izinin hukumar. Wanda ya saɓa, tara ko ɗauri na jiransa. Doka ta kuma yi wa mai ginin tanadin diyya, abin da magada da yawa ba su sani ba, shi ya sa suke jin tsoron a ce ginin kakansu na tarihi ne.

To, kantin da ba a ayyana ba fa? Mafi yawan namu a nan suke. Makomarsu tana hannun magada da Dokar Amfani da Filaye ta 1978, wadda ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna. In za a faɗaɗa hanya ko a sabunta kasuwa, gwamna na da ikon soke takardar fili saboda amfanin jama'a. Diyyar da za a biya ta ginin ce da abin da aka kashe a wurin. Ba wanda zai lissafa cewa shekara 80 ana awo a ƙofar.

Wannan giɓin yana damuna ƙwarai, domin ginin ƙasa mai azara ba ya dawowa in katafila ta bi ta kansa. Wanda ke son a ceci irin wannan kanti, kada ya jira sai an shafa masa jan fenti. Magada, hakimi da shugabannin 'yan kasuwa su haɗu su rubuta wa hukumar, su haɗa da hotuna da bayanin wanda ya gina shi da abin da aka sayar a ciki, su kuma kai kwafi Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato.